Rufin Asiri da Takardun Hukuma

Gabatarwa

A cikin addu'o'in da Bahaushe ya saba yi dare da rana, da wuya a sami wadda ta fi "Allah ya rufa mana asiri" yawan fitowa daga bakinsa. Attajiri yana yin ta, matalauci ma yana yin ta. Tsohuwa tana yi wa jikarta ita ranar da za a kai ta ɗakin miji, ɗan kasuwa kuwa in an tambaye shi ciniki sai ya ce, "Alhamdu lillahi, asiri a rufe." Tun muna ƙanana aka koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ba ya iya riƙe magana ba a yin shawara da shi, balle a ba shi amana. Tonon asiri kuwa yana cikin manyan abubuwan kunya a wurinmu, ga wanda aka tona da wanda ya tona baki ɗaya.

Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba ni da ja a kanta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura ta biyo mu har cikin ofisoshin gwamnati, ta sami wuri ta zauna a inda ba muhallinta ba ne. Idan ɗalibi ko ɗan jarida ko wani talaka ya rubuta wa wata ma'aikata yana roƙon a nuna masa takardar da aka buga wa hatimin sirri shekaru da dama da suka wuce, yawanci kallon mai tonon asiri ake yi masa, watau mutumin da ba shi da ta ido. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, asirin mutum nasa ne har ya shiga kabari, amma sirrin hukuma ajiyar jama'a ce, kuma kowace ajiya tana da ranar da mai ita zai zo ya ce a ba shi kayansa. Zan duba yadda hukumomi suke karɓar mai ajiyar idan ya zo, zan kuwa fara daga unguwar da na fi sani, watau Nassarawa ta Kano.

Unguwar da Aka Yi wa Kano Rubutu

Duk wanda ya taɓa bin titunan Nassarawa da ƙafa ya san inuwar darbejiya da maɗaci, da dogayen katangu, da shirun da ba a samun irinsa a Kurmi ko Kwari. Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, a wajen ganuwa ta wannan ɓangare Turawa suka kafa gidajensu da ofisoshinsu, nesa da hayaniyar birni. A nan ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma gidansa yana nan tsaye, a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. A wannan yanki ne Gidan Gwamnati yake, haka ma gidan Sarki na Nassarawa.

Sau da yawa idan na wuce ta gaban waɗannan gine-gine, abin da yake faɗo mini a rai shi ne yawan rubutun da aka yi a kan kakanninmu ba da saninsu ba. Razdan yana rubuta wa Kaduna ra'ayinsa a kan Sarki. Di'o yana rubuta wa Razdan ra'ayinsa a kan hakimi, ko ya cancanci a ƙara masa albashi ko a tuɓe shi. Ana rubuta rahoto a kan malamin da ake zargi da Mahdiyyanci, daga baya kuma a kan 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a nan Kano a watan Agusta 1950. Mutumin da ake magana a kansa yana can cikin birni yana harkarsa, bai san an buɗe masa fayil ba, bai kuma san cewa abin da ke cikin fayil ɗin zai iya raba shi da rawaninsa ko da garinsu ba.

Akwai wani abin lura a nan. Turawan da suka koya mana buga hatimin sirri a bangon fayil ba su ga laifin buɗe sirrin wasu ba. Sa'ad da suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, sun sami tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan ƙasar Hausa suka riƙa aikawa, har da na Sarkin Kano Alu. A 1927 wani jami'insu mai suna H. F. Backwell ya fassara su da Ingilishi, gwamnati ta buga a Ikko. Ke nan shekara 24 kacal sirrin daular Sakkwato ya yi kafin a shimfiɗa shi a kasuwa. Masana tarihi suna cin moriyar wannan aiki har gobe, ban kuwa taɓa jin wanda ya ce mutuncin waɗannan sarakuna ya zube saboda an karanta wasiƙunsu ba. Hasali ma wasiƙun ne suka nuna mana irin tunanin da suka yi da damuwar da suka shiga a gaban abin da ya fi ƙarfinsu.

Rahoton da Ya Girgiza Kano

Misalin da ya fi kusa da zuciyar Bakano shi ne na 1962 zuwa 1963. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta naɗa wani Bature ma'aikacinta mai suna David Muffett ya binciki yadda ake sarrafa kuɗin En'e ta Kano. Bayan ya miƙa rahotonsa, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963, ya koma Azare da zama. Aka naɗa Muhammadu Inuwa, wanda ya yi 'yan watanni Allah ya yi masa rasuwa, sa'an nan aka naɗa Alhaji Ado Bayero a watan Oktoba na wannan shekara. Gwamnati ta fitar da sanarwa a kan matakin da ta ɗauka, amma ba ta buga cikakken rahoton ta raba wa jama'a ba a lokacin.

Mai karatu ya dubi abin da ya biyo baya. Fiye da shekara sittin ke nan, amma duk majalisar da aka tayar da wannan zance a Kano sai an rabu gida biyu. Wasu su ce lalle baitulmali ya shiga wani hali, dole a yi gyara. Wasu su ce ai ba kuɗi ba ne, takun saƙa ne tsakanin manyan mutane biyu da kowannensu yake ji da kansa, aka fake da bincike. Kowane ɓangare yana da hujjarsa daga bakin kakansa ko malaminsa, kuma kaɗan ne ƙwarai a cikin masu gardamar suka taɓa ɗora ido a kan shafi guda na abin da ake gardama a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Inda hukuma ta yi shiru, ji-ta-ji-ta ce take gaje wurin, ita kuwa ba ta tsufa, ba ta kuma san sassauci ba.

A gwada wannan da abin da ya faru bayan tarzomar Maitatsine ta watan Disamba 1980. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu, aka kuma buga rahoton a 1981, inda aka ba da adadin waɗanda suka mutu 4,177. Akwai masu ganin adadin ya fi haka, akwai masu sukar wasu sassa na rahoton. To, amma suna da abin da za su riƙe a hannu su soka, ɗalibi kuma yana iya buɗe shafi ya ce ga inda aka yi daidai, ga inda aka kauce. Wannan ita ce gardamar ilmi, wadda take ƙarewa da ƙaruwa.

Kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa kuwa ya nuna wata hanya ta uku. An kafa shi a 1999 don ya binciki take hakkin jama'a a zamanin mulkin soja, ya zauna a garuruwa biyar, har da nan Kano a 2001, ana nuna zamansa a talabijin. Ya miƙa rahotonsa a watan Mayu 2002. Gwamnati ba ta fitar da shi ba, ta kafa hujja da shari'ar da wasu tsofaffin shugabanni suka shigar. A watan Janairu 2005 wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu suka gaji da jira, suka saka shi a intanet. Abin da aka hana shi fita ta ƙofa ya fita ta taga, hukuma kuwa ta rasa ladan buɗewa, ba ta kuma sami biyan bukatar rufewa ba.

Abin da Doka Ta Ce

Wani zai zaci dokar ƙasa ce ta hana. A da haka ne. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta wa ma'aikaci fitar da duk abin da aka yi wa alamar sirri, ka'idojin aikin gwamnati kuma sun sa shi ya yi rantsuwar kame baki. A 1984, a ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda-guda, saboda labarin da suka buga a kan naɗin jakadu. Ma'aikacin da ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a sake yi masa gargaɗi.

Amma a takarda al'amura sun sauya. Dokar Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa ta 1992 ta tanadi cewa takardun gwamnati da ke ma'ajiyar, in sun kai shekara 25, jama'a suna iya duba su, sai fa waɗanda aka keɓe bisa wani dalili. Sa'an nan ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, bayan fafutikar da 'yan jarida da ƙungiyoyin kare hakki suka faro tun 1993. Majalisa ta taɓa zartar da ita a 2007, amma Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba.

Ya kamata kowane ɗalibi ya san abin da wannan doka ta ƙunsa, domin makami ne da aka ba shi. Kowa yana iya neman bayani daga hukuma ba tare da ya faɗi dalilin da ya sa yake nema ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta masa. Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa. In za ta hana, sai ta hana a rubuce, ta nuna sashen dokar da ta dogara da shi. In ta yi shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin hani, mai nema kuma yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu, inda nauyin kawo hujja yake kan hukuma. Wanda aka samu da laifin hanawa ba bisa ka'ida ba zai biya tarar Naira 500,000, wanda ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan kuwa ɗaurin aƙalla shekara guda ne. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne sashe na 28, wanda ya ce kasancewar takarda tana ɗauke da hatimin sirri bai isa shi kaɗai ya hana a bayar da ita ba. Wajibi ne jami'i ya duba abin da ke ciki, ya ga ko ya faɗa cikin abubuwan da doka ta keɓe, kamar tsaron ƙasa da binciken masu laifi da sirrin rayuwar mutum.

Shekaru da dama gwamnatocin jihohi suna cewa wannan doka ta Tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Benin ta goyi bayan haka a 2018. A watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta warware wannan, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Ke nan ofishin da ke Kano ba shi da sauran mafaka ta wannan fuska.

Abin da Ake Yi a Ofis

Tsakanin doka da tebur ɗin akawu akwai tafiya mai nisa. Sa'ad da nake tattara bayanai don wani aikin makaranta, na rubuta wa wata ma'aikata ina neman ganin rahoton wani kwamiti da ya yi aiki tun kafin a haife ni. An karɓi takardata da fara'a, aka buga mata hatimi, aka ce in dawo mako mai zuwa. Da na koma aka ce tana teburin maigida. Da na sake komawa aka ce maigida ya yi tafiya. A zuwa na huɗu wani dattijo da ke kula da ɗakin fayiloli ya ja ni gefe, ya ce, "Ɗana, zauna in gaya maka. Shekarata talatin a wannan aiki, ban taɓa ganin an kori mutum don ya hana takarda ba, amma na ga wanda aka kora don ya bayar." Na ce, "Baba, ai doka ta ba ku kariya yanzu." Ya yi murmushi, ya ce, "Dokar tana Abuja, ni kuwa saura mini shekara biyu in yi ritaya."

Ban ga laifin dattijon nan ba, domin ya faɗa mini gaskiyar yadda lissafin yake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dokar ta kare jami'in da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya, amma ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa suna hannun wanda ke samansa. Saboda haka a ofisoshinmu ba kasafai ake cewa "a'a" ba. Abin da ake yi shi ne a rubuta haruffan nan uku, K.I.V., a gefen takarda, ma'ana a ajiye ta a riƙa tunawa da ita, sa'an nan a bar mai nema ya yi ta safa da marwa har takalminsa ya ƙare. Hanin da aka rubuta ana iya ɗaukarsa a kai gaban alƙali a yi muhawara a kan dalilinsa. Shiru kuwa, ko da yake doka ta ba da damar kai ƙara a kansa, ɗalibin da ke neman kuɗin mota ina ya ga na lauya? Dokarmu ba ta kafa wata hukuma mai zaman kanta da talaka zai kai wa kuka kyauta ba. Daga ofishin da ya hana sai kotu.

Har wa yau akwai matsalar da ta fi tsoro muni, ita ce rashin sanin abin da ke ɗakin. Yawancin ma'aikatu suna da ɗakin fayiloli iri biyu, na fili da na sirri. Fayil in ya shiga na sirri babu wanda aikinsa ne ya koma bayan shekara goma ko ashirin ya duba ko dalilin ɓoye shi yana nan. Hatimin da wani sakatare ya buga cikin daƙiƙa guda a 1975 sai ya fi sakataren tsawon rai. In an ƙaura daga wani gini zuwa wani, a ɗaure fayiloli da igiya a jibge a sito. Damina ta zo rufi ya yi yoyo, gara ta shiga, ɓera ya yi sheƙa. Ranar da mai nema ya zo aka ce masa ba a ga fayil ba, mai yiwuwa ne ba ƙarya aka yi masa ba. A wannan hali gara ce ta yanke hukunci, hukuncinta kuwa ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Yadda Wasu Suke Yi

Kada mai karatu ya zaci ƙasashen Turai mala'iku ne a wannan fage. Labarin Ingila ya isa darasi. Sa'ad da take barin ƙasashen da ta mallaka, jami'anta sun ƙone takardu masu yawa, suka kwashe wasu zuwa gida a ɓoye. Gwamnatin Kenya ta nemi nata tun 1967 ba ta samu ba. Sai a 2009 wasu tsofaffi 'yan Kenya da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau suka shigar da ƙara a London. Da alƙali ya matsa, a 2011 Ma'aikatar Harkokin Waje ta amsa cewa tana riƙe da fayiloli kimanin 8,800 daga ƙasashe 37 a wani gida mai tsaro da ake kira Hanslope Park, daga baya ma adadin ya ƙaru ƙwarai. Tsakanin 2012 da 2013 aka miƙa su ga ma'ajiyar ƙasa da ke Kew, akwai kuwa na Nijeriya a ciki. A watan Yuni 2013 Ingila ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a kan mutum 5,228. Abin lura shi ne Ingila tana da dokar 'yancin samun bayanai da ta fara aiki tun 2005, amma ba ta fito da waɗannan fayiloli ba, domin ba a neman abin da ba a san da shi ba. Naci da kotu ne suka buɗe ƙofar.

Amurka ta yi tata dokar tun 1966, kuma ita ma hukumominta sun ƙware wajen kauce-kauce. Hukumar leƙen asirinta ta CIA ce ta ƙirƙiro amsar nan ta "ba mu ce akwai ba, ba mu ce babu ba" a 1975, sau da yawa kuma mai nema yakan jira shekaru a aiko masa da shafi an shafe rabinsa da baƙin tawada. Duk da haka akwai abubuwa biyu da suka kafa waɗanda suka cancanci koyi. Na farko, takardar sirri mai darajar tarihi in ta kai shekara 25 hatiminta yana faɗuwa da kansa, sai in hukuma ta kawo dalilin tsawaita shi. Na biyu, kowane mutum yana iya nuna wata takarda ya ce a sake duba ko har yanzu ta cancanci ɓoyo, in an hana shi kuma akwai kwamitin da ke wajen wannan hukuma da zai kai wa kuka.

Amfanin wannan ya iso har ɗakunanmu. Saƙonnin da ofisoshin jakadancin Amurka suka aika gida daga 1973 zuwa 1979 suna intanet, waɗanda aka buɗe daga cikinsu. Ɗalibi a Kano yana iya zama da wayarsa ya karanta abin da jakadansu na Ikko ya rubuta a kwanakin da aka kashe Janar Murtala Muhammed, ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Shari'ar waɗanda aka zarga da wannan juyin mulki kuwa a asirce sojojinmu suka yi ta. Murtala ɗan Kano ne, a Kano aka binne shi, amma ya fi sauƙi jikokinsa su ji labarin ranar daga bakin baƙo. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In mai ita ya kame bakinsa, sai a saurari duk wanda ya rera, da irin muryarsa da irin son zuciyarsa.

Inda Rufi Ya Dace

Ban ce a buɗe kome da kome ba. Akwai sirrin da buɗe shi zalunci ne. Sunan wanda ya tsegunta wa jami'an tsaro maɓoyar 'yan bindiga, in ya fita, an sayar da ransa da na iyalinsa. Takardar asibitin mutum, da rikicin aurensa, da abin da ya faɗa wa lauyansa, duk nasa ne. Shirin soja a fagen daga ba abin tallatawa ba ne. A nan ne rufin asirin da iyayenmu suka koya mana yake da muhalli, dokar 2011 ma ta yarda da haka, har ta ba da damar a cire sashen da ke da illa a ba da sauran.

Ma'aunin da nake gani shi ne a tambaya, wa rufin yake karewa? In yana kare rai ko mutuncin wanda ba shi da ƙarfi, a rufe. In kuwa abin da yake karewa shi ne kunyar wani babba da ya yi wasa da dukiyar jama'a, ko kuskuren da hukuma ba ta so a tuna, to, wannan ba shi ne rufin asirin da muke roƙon Allah ba. Wannan tunani ba baƙo ba ne a Kano. Shehu Muhammad al-Maghili, wanda ya zo garin nan a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wajen ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta wa Sarki nasiha a kan sha'anin mulki. A ciki ya yi masa wasiyya da kiyaye sirri, amma abin da ya fi nanatawa shi ne illar shamaki tsakanin mai mulki da talakawansa. Fayil ɗin da aka kulle shekara hamsin ba tare da dalili ba, shamaki ne irin na zamaninmu.

Kammalawa

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowace gwamnati ba. A sa wa kowane hatimin sirri ranar mutuwarsa tun ranar da aka buga shi. A tilasta wa kowace ma'aikata ta rubuta jerin tsofaffin fayilolinta, ko da sunayensu ne kawai, ta manna inda jama'a za su gani. A riƙa kwashe waɗanda suka haura shekara 25 ana kai su inda aka tanada don adana su, kamar Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, ko ma'ajiyar Hukumar Tarihi da ke nan Nassarawa, a kuma ɗauki hotonsu a kwamfuta tun gara ba ta riga mu ba. Sa'an nan a naɗa jami'in da aikinsa shi ne buɗewa, wanda za a yaba masa in ya buɗe, domin muddin hanawa ce kaɗai hanyar tsira da aiki, kowane akawu mai hankali hanawa zai yi.

Mu ɗaliban Hausa kuwa muna da namu rabon aikin. Dokar nan da Ingilishi aka rubuta ta, mafi yawan waɗanda aka yi ta dominsu ba su taɓa jin abin da ke cikinta da harshensu ba. Fassara ta da bayyana ta a rediyo da majalisu aikinmu ne. Haka kuma mu riƙa rubuta takardun nema, mu ajiye kwafi mai hatimi, mu ƙirga kwanaki, mu koma mu tambaya cikin ladabi ba tare da gajiya ba, domin ofishin da ba a taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba ba zai koyi buɗewa ba. Dattawan da suka ga 1963 da idonsu saura kaɗan, waɗanda suka ga 1976 da 1980 ma furfura ta cim musu. In suka tafi, takarda ce kaɗai za ta rage da za ta gaskata su ko ta gyara musu, in har ita ma ta rage. Allah ya sa mu gaji tarihinmu daga hannunmu, ya kuma ba shugabanninmu ikon mayar da ajiya ga masu ita.